Alƙawarin Allah da wa'azin ƙarshen zamani a Rogo

Kiristocin Hausawa na Ƙaraye da Rogo, har da na Bari inda Angilikan ke da dayosis, suna da hujjar riƙe Romawa sura 11, inda Bulus ya nuna Allah bai yar da Yahudawa ba. Wanda kakanninsa Maguzawa ne ya san zafin a raina mutum, don haka amincin Allah na ratsa zuciyarsa. Abin da ke damuna shi ne mai wa'azin da ke ɗaukar kafuwar Isra'ila a 1948 ya yi lissafin tashin duniya, alhali Matiyu 24 ya ce ba wanda ya san ranar. Ya kuma manta da Kiristocin Falasɗinawa na Baitalami, da maƙwabcinsa Musulmi da suke cin kasuwar Rogo tare.