Masu Duban Inda LeBron Zai Je, Ku Faɗa Mana Inda Haruna Ya Tafi

Kowace shekara, da watan Yuni ya zo ƙarshe, lokacin da manomin Muniyo yake duban gabas yana jiran hadari, wata gardama ta daban takan tashi a fadar samari da ƙofar shaguna, har ma cikin ofisoshin gwamnati a nan Gure. Wai wane gari gwanin ƙwallon kwando na Amurka zai koma in kwantaraginsa ya ƙare. Wannan ya rantse cewa Los Angeles ne, wancan ya ce Miami, na uku ya ɗaga salula ya ce ga shi an rubuta. Shayi ya huce, mai neman takarda yana tsaye bakin ofis, su kuwa ana ta duba ba ƙasa ba carbi. Ba ma hana kowa nishaɗinsa. Amma tun da gardamar ta shigo har wurin aiki da kasuwa, dole mu ce wani abu, don akwai ɓata biyu a cikinta.

Na farko shi ne zagin da ake yi wa ɗan wasan da ya canza ƙungiya, ana kiransa maci amana. Wannan zagi aro ne. Ranar 8 ga Yuli 2010 LeBron James ya fito a tashar ESPN, mutum kusan miliyan 10 suna kallo, ya ce zai bar Cleveland ya koma Miami. Magoya baya suka ƙona rigunansa a titi, mai ƙungiyar, Dan Gilbert, ya rubuta wasiƙa yana zarginsa da cin amana da ragwanci, har hukumar NBA ta ci shi tarar dala 100,000 (dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba). Shekara huɗu bayan haka LeBron ya dawo Cleveland, a 2016 ya ciwo mata kofin da ba ta taɓa ci ba, sai ga mai zagin jiya yana rungumarsa. Attajiri ya mance da fushinsa don ya ga riba, an bar talakan Gure da riƙon gaba a kan faɗan da ba nasa ba.

Abin mamaki, mafi zafin baki a wannan zagi su ne ma'aikatan gwamnati, alhali su ya kamata su fi kowa gane maganar. Kafin 1976 ɗan wasan NBA ba shi da ta cewa a kan inda zai yi aiki. Ƙungiyar da ta ɗauke shi tana riƙe da shi ko bayan kwantaragi ya ƙare, sai in ta ga dama ta sayar ko ta kore shi. Oscar Robertson, shugaban ƙungiyar ƙwadagon ƴan wasa, shi ya kai ƙara kotu a 1970, aka yi shekara shida ana ja kafin a sasanta. Cikakken ƴanci bai samu ba sai 1988, lokacin da Tom Chambers ya bar Seattle ya koma Phoenix bisa zaɓin kansa. Da sandika aka ƙwato wannan haƙƙi, kuma da sandika ƴan wasa suka kai ga raba kusan rabin kuɗin shigar gasar da masu ƙungiyoyi. To, malamin makarantar da takarda guda daga Yamai ta tuge shi daga cikin iyalinsa ta jefa shi Gigimi ko Bilma don ya yi magana a taro, ma'aikacin da ya ga watannin albashi suna taruwa ba a biya ba a shekarun 1990, wanda ya bi USTN yajin aiki har takalminsa ya ƙare, yaya za a yi shi ne zai tsine wa ma'aikaci ɗan'uwansa don ya zaɓi ubangida? Haka kai ɗan kasuwa: in ragonka ya fi daraja a Gidigir bisa Subdu, akwai wanda ya taɓa ce maka ka ci amanar Subdu?

Kuma a lura da wanda ba a zagi. A watan Fabrairu 2025 ƙungiyar Dallas ta miƙa Luka Dončić ga Lakers cikin dare, ba tare da shi kansa ya san ana cinikinsa ba, watanni kaɗan bayan ya kai ta wasan ƙarshe na gasar. Duk masu duban nan, na Amurka da na bakin tasha, ba wanda ya hango. Shekaru kaɗan kafin nan sun cika duniya da cewa Giannis Antetokounmpo zai bar Milwaukee, sai ya sa hannu a watan Disamba 2020 kan shekara biyar da dala miliyan 228, ya ci kofi a 2021 a inda yake. Boka in ya faɗi sau biyu a jere mutane sukan daina kai masa kaza. Waɗannan kuwa kullum kasuwarsu ci take, domin jita-jitar ita ce hajar. Watannin da ba a wasa sai an cika su da surutu don kada mai kallo ya kashe tele, kuma gasar da ta sayar da haƙƙin nuna wasanninta a 2024 kan dala biliyan 76 na shekara 11 ba ta barin kunnen kowa ya huta. Yaron da ya sayi kati na dala ashirin don ya ji inda wane zai je, shi ma ya zuba nasa a wannan rumbu.

Ɓata na biyu ya fi ciwo. A tambayi masu gardamar nawa LeBron ya karɓa a Lakers a 2018, za su ce kusan dala miliyan 154 na shekara huɗu, sama da miliyar 80 na sefa, a shekarar da mafi ƙarancin albashi a ƙasarmu bai wuce jika 30 da ƴan kai ba. Sun haddace. A tambaye su wane ne Abdoulaye Harouna, sai a ji shiru. Ɗan Nijar ne, ya yi karatu ya buga ƙwallo a jami'ar Miami ta jihar Ohio. Da aka buɗe gasar BAL ta Afirka a Kigali a 2021, rigar FAP ta Kamaru ya sa. A 2022 yana AS Salé ta Maroko, a 2023 yana ABC Fighters ta Abijan, a 2024 yana AS Douanes ta Dakar. Shekara huɗu, ƙasa huɗu, ba ko ɗaya tasa. Ga ɗan wasan da ya cancanci a zauna a yi ta gardamar inda zai koma, kuma amsar ba ta buƙatar duba: ko'ina ban da gida, don a waɗannan shekaru ba wata ƙungiyar Nijar da ta kai ga gasar. Nigelec ta shiga wasannin share fage, ta tsaya a hanya. LeBron yana zaɓe ne tsakanin masu roƙonsa. Namu yana fita ne kamar yadda ɗan cirani yake fita, don rumbun gida ba hatsi.

Za a ce ƙasa mai fama da fari da rashin tsaro ba ta da lokacin ƙwallo. Mun ji. Sai dai ƙasar nan ce ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2005, kuma ita ce tun 1975 take tara jama'a don takobin kokawa, gwamnoni suna rige-rigen kyauta gaban kyamara. Ashe in da ƙuri'a ko tafi a cikin wasa, kuɗi ba ya ɓacewa. Lambobinmu biyu na Olimpik, tagullar Issaka Daboré a dambe a 1972 da azurfar Issoufou Alfaga a taikwando a 2016, shekara 44 ne tsakaninsu, kuma kowa ya san guminsu ya fi na hukuma yawa a ciki. Senegal ta sami makarantar NBA a Saly don ta daɗe tana renon wasan tun daga unguwa. Najeriya ta ba duniya Hakeem Olajuwon, wanda ya ci kofi a 1994 da 1995, kuma sai da ya kai shekara goma sha biyar kafin ya fara wasan, wani ya gan shi a Legas ya miƙa masa ƙwallo. Dogayen samarin Mangawa da Tubawa da Fulani da suke ratsa kasuwar Gure, wa zai gan su, a wane fili?

Filin ƙwallon kwando mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, da kwando biyu a bisan mita 3.05. Daɓen siminti ne da ƙarfe biyu. Attajiran da suke cika mota da dabbobi zuwa Najeriya kowane mako, mutum uku cikinsu sun isa su yi shi a harabar kwaleji, sunansu ya zauna a jikin allo. Amma kafin a je roƙon ƴan kasuwa, hukumar gari ta fara bayyana nata. Muna neman ta liƙa a ƙofar ofishinta nawa aka rubuta wa wasanni a kasafin kuɗin bana, nawa aka fitar, a kan me. Mai kula da matasa da wasanni na wannan yanki shi ma ya faɗa mana filaye nawa ne suke da kwando daga Gure zuwa Kelle da Bune, malaman motsa jiki nawa aka turo, da ranar da yaranmu suka je Damagaram gasar makarantu ta ƙarshe. In amsa ta zo, za mu buga ta a wannan shafi ba tare da mun taɓa ko harafi ɗaya ba.