INA RUMBUN WUTAR LANTARKI?

 Ya ku malamai da attajirai masu karanta wannan shafi, ina neman ku ba ni aron kunnuwanku a kan wata mas'ala wadda wataƙila wani zai ce ba ta malamin allo ba ce. To, amma wanda ya kwana cikin duhu yana da bakin magana a kan fitila.

A watan Oktoba na shekarar 2024 galibin ƙasar Arewa ta yi fiye da mako guda ba wutar lantarki. Ruwa bai ƙafe a Kainji ba, injunan Shiroro kuwa lafiyarsu ƙalau. Maɓarnata ne suka kayar da turakun babban layin da ya ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, aka koma kan layi na biyu wanda ya ke zagayowa daga Inugu ta Makurɗi zuwa Jos, shi ma ya faɗi. Masu niƙa suka rufe, maƙeran walda suka zauna, ƙanƙara ta yi tsada, ruwan famfo ya ɗauke. Daga wannan lokaci na riƙa jin mutane suna cewa, ai magani ya zo, kowa ya kafa farantin sola a kan rufinsa ya huta da gwamnati. Shugabanni kuma suna nasu zancen, gama tun a 2021, a taron Gilasgo, Nijeriya ta yi alkawarin cewa kafin 2060 za ta daidaita hayaƙin da ta ke fitarwa, watau a rage dogara ga fetur da gas, a koma ga rana da ruwa da iska. Ni ban ƙi wannan ba. Rana baiwa ce, kuma mu nan Arewa an ba mu ita da yalwa. Abin da ya dame ni shi ne kowa yana maganar gona, ba wanda ya ke maganar rumbu.

Ku lura da wata ɗabi'a ta wutar lantarki wadda ta saɓa wa dukan hajar da ku ke saye da sayarwa. Gero in ya yi yawa da kaka sai a zuba shi a rumbu, a fitar da shi da bazara. Goro ana lulluɓe shi da ganye ya yi watanni. Ita kuwa wutar da ke cikin waya ba ta jira. A ƙiftawar idon da aka haife ta a Kainji, a cikinta a ke shan ta a Kano. Saboda haka wajibi ne abin da tashoshi su ke bayarwa ya yi daidai da abin da jama'a su ke ja, dare da rana, ba ƙari ba ragi.

Na tambayi wani tsohon almajirina wanda Allah ya nufa ya zama injiniya, ya yi mini bayani, ni kuma na fahimce shi da misalin lugude. In mata uku suna daka a turmi guda, kowace tana da lokacin da taɓaryarta za ta sauka. In ɗaya ta yi jinkiri, taɓare su haɗu, daka ya watse. Haka wutar ta ke: tana kai da komowa cikin waya sau 50 a kowane sakan, kuma lalle ne kowane inji na ƙasar nan, daga Egbin ta Ikko har Shiroro, ya riƙe wannan bugu. Akwai ɗaki a Oshogbo inda ma'aikata su ke zaune suna duban bugun nan ba dare ba rana. In babban inji guda ya tsaya ba zato, ko waya ta tsinke, nauyi sai ya koma kan sauran, bugu ya yi sanyi, kowane inji kuma an yi masa abin da zai cire kansa don kada ya ƙone. Wannan ya fita, wancan ya fita, kafin ka gama alwala ƙasa duka ta yi duhu. Wannan ne abin da a ke nufi in an ce babban layin ƙasa ya faɗi, kuma mun ji wannan labari har ya gundure mu.

Maganinsa fa, fatake sun riga injiniyoyi saninsa. Madugun da zai kai ayari Gwanja ba ya ɗora wa kowane jaki kaya har iyakar ƙarfinsa. Yana barin waɗansu da sauƙin kaya, don ranar da wani zai gurgunce a daji. Haka ya kamata a bar waɗansu injuna suna juyawa ba a cika musu kaya ba, suna jiran ranar tsautsayi. Amma ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, wutar da ta ke rabawa kuwa ba kasafai ta ke wuce megawat 5,000 ba, wane jaki za ta bari ba kaya?

Ga kuma wani abu wanda masu tallar sola ba su cika faɗa ba. Manyan injunan ruwa da na gas suna da ƙafafu masu nauyin gaske, kuma abu mai nauyi in yana juyawa ba ya tsayawa farat ɗaya. Wannan nauyi shi ke ba ma'aikata 'yan sakanni su gyara al'amari. Farantin sola ba shi da abin da ke juyawa. In za a yawaita shi, sai an haɗa shi da batir da na'urorin da za su tsaya a madadin wannan nauyi, su kuma riƙe ƙarfin wutar kada ya hau ko ya sauka. A ranar 28 ga Afrilu, 2025, da tsakar rana, ƙasar Andalus wadda mu ke karanta labarin malamanta, watau Sifen da Fotugal a yau, ta yi duhu gaba ɗaya. Mutane suka yi ta ɗora laifi a kan sola. Da gwamnatin Sifen ta yi bincike sai ta ce ƙarfin wutar ne ya hau fiye da kima, kuma tashoshin da aka tanada don su riƙe shi ba su isa ba, waɗanda ke nan ma ba su riƙe yadda ya kamata ba. Ashe laifin na rashin tanadi ne. Amma ku dubi yadda suka tashi: suka jawo wuta daga Faransa da Maroko, suka tayar da injunan ruwa, kafin gari ya waye galibin mutane sun sami wuta. Su kwana guda, mu fiye da mako, domin su hanyoyinsu da yawa, mu kuwa igiya biyu ce ta ɗaure mu.

Ni kaina na ɗanɗana abin a makarantata. Da, almajirai su ke zuwa daji su yiwo kara da itace, a hura wuta a yi karatun dare da na asuba a gefenta. Da wani bawan Allah ya yi mana sadakar faranti biyu da batir, muka yi murna, idanun yara suka huta da hayaƙi. Shekara ta farko lafiya. Da hunturu ya zo, hazo ya rufe rana kwana uku, ƙura ta kwanta a kan farantan, fitila ta mutu tun kafin a gama lisha. Kafin shekara biyu batirin ya daina riƙe wuta sam, na koma wurin wanda ya sayar, ya ce ai ba a yi da shi zai dawwama ba. Farantan suna nan garau har yau, da rana suna ba da wuta a lokacin da ba mu bukatarta. Daga nan na gane cewa faranti gona ne, batir shi ne rumbu, kuma rumbun ne mai tsada, shi ne kuma mai saurin tsufa.

Rumbun wuta iri iri ne. Akwai batir, kuma na zamani da a ke yi da litiyom ya fi na dalma daɗewa, kuɗinsa ma ya sauko ƙwarai cikin shekarun nan, sai dai ajiyarsa ta sa'o'i ce, ba ta kwanaki ba. A Warzazat ta ƙasar Maroko sun jera madubai suna tara zafin rana, su narkar da wani irin gishiri, ba irin na Bilma ba, su ajiye shi da zafinsa a manyan tankuna, bayan faɗuwar rana su tafasa ruwa da shi ya juya inji har wajen sa'a bakwai. Ko shi ma a 2024 tankin ɗaya ya yi yoyo, aka rufe tashar watanni masu yawa. Ba rumbun da gara ba ta iya shiga.

Amma babban rumbun da mu ke da shi, wanda aka riga aka biya kuɗinsa, shi ne ruwan da aka tare. Kainji, wadda aka gama a 1968 har tsohon garin Busa ya nutse dominta, an kafa mata injunan megawat 760. Jebba tana ƙasa da ita a kan kogin Kwara, tana sake amfani da ruwan da Kainji ta saki. Shiroro mai megawat 600 da Zungeru mai 700 suna kan kogin Kaduna. Kwara kuma Allah ya yi mata wata baiwa: sau biyu ta ke kawo ruwa Kainji. Akwai farin ruwa na daminarmu, sa'an nan akwai baƙin ruwa wanda ya ke tasowa daga duwatsun Gini, ya yi jinkiri a fadamun Mali, ya iso mana da hunturu, a daidai lokacin da hazo ya ke rage ƙarfin rana. Ra'ayina shi ne, in an yawaita tashoshin sola a Arewa, da rana sai a rage sakin ruwa a bar rana ta ɗauki kaya, da almuru a buɗe. Ta haka ruwan da ba a saki da azahar ba ya zama wutar lisha. Na san akwai masunta da manoman rani a ƙasan madatsun, haƙƙinsu ne a tsara sakin ruwan da saninsu. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bai ƙara wa Masar ruwan Nilu ba, ajiya ya tsara musu.

Sai dai abin da ya faru a 2024 ya nuna cewa rumbun da ke nesa, in an tare hanya, daidai ya ke da babu. 'Yan'uwanmu na Nijar sun riga mu sanin wannan. A da wajen kashi 70 cikin 100 na wutarsu daga Nijeriya ta ke zuwa, da aka yi juyin mulki a Yulin 2023 sai aka yanke musu ita a watan Agusta, ba a mayar ba sai a Maris na 2024. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Tun da dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa nasu tashoshi da kasuwar wuta, ba sauran uzuri. Tashar sola mai megawat 10 da aka buɗe a Chalawa ta Kano a 2023 somin taɓi ce. Ina ganin duk tashar da za a kafa nan gaba a sharɗanta mata rumbunta a gefenta, kuma a tsara ta yadda in babban layi ya faɗi za ta iya riƙe asibiti da gidan ruwa ita kaɗai. Kuma kada a yi gaggawar raina gas. Bututun da aka fara shimfiɗawa a 2020 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, tashar da za ta sha daga gare shi ita za ta tsaya mana a makon hazo. Mutanen Turai da su ke mana wa'azin barin hayaƙi, da kwal suka gina masana'antunsu, kuma ba su rushe tsohon rumbu ba sai da sabo ya tsaya.

Masu cewa kowa ya yi ta kansa, ina tambayarsu: farantin rufin gida zai juya injin casar shinkafa ko na jima a Sharaɗa? Talakan da bai iya sayen batir ba fa? In masu hali duka suka fice, sai kuɗin gyaran waya ya koma kan marasa hali, alhali kuwa masu halin nan za su komo su jingina da layin ranar da rana ta ɓuya.

Saura maganar biya, nan ne na san attajirai za su ɓata fuska. Injin da ke jira da batirin da ke ajiye suna cin kuɗi ko ba a taɓa su ba. Wani zai ce, yaya zan biya abin da ban sha ba? Malamai sun san amsa a babin ijara: wanda ka ɗauka gadi, in ya kwana a bakin ƙofarka, ladansa ya wajaba, ko ɓarawo ya zo ko bai zo ba. Wanda kuma ya ja waya ta bayan mita, ya sani ya ci haƙƙin maƙwabcinsa. Amma su ma masu sayar da wuta su ji tsoron Allah. Kawo wa mutum takardar kuɗi da ƙiyasi, ba mita, ciniki ne ba mudu, kuma ba za a nemi jama'a su biya kuɗin tanadi ba alhali ba a auna musu abin da suka sha.

Ku kuwa shugabannin kasuwanni, tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023 janareta ya zama abokin gaba, na san masu kafa sola suna zuwa muku da daɗin baki. Gara ku haɗa kai layi layi ku yi rumbu guda babba da kowa ya sayi ɗan ƙarami mai mutuwa. Kafin ku sa hannu ku tambaye su: sa'a nawa zai riƙe bayan magariba, shekara nawa batirin zai yi, wa zai canja shi in ya mutu, ina za a kai mataccen, kuma me za a yi in hazo ya kwana uku. A rubuta amsar a takarda, a sa shaidu biyu. Ni dai ina tara kuɗin sabon batir kaɗan kaɗan, kuma na hana almajirai taɓa tarin itacen da ke bayan zaure.

Haza wassalamu.