Mai Raunin Zuciya Da Awon Ruwan Sha

Wani ɗan kasuwa ya aiko mana da tambaya, cewa likita ya ƙayyade masa ruwan da zai riƙa sha saboda raunin zuciya, ko bin wannan ya saɓa wa tawakkali? Amsarmu ita ce bai saɓa ba, domin jiki amana ne.

Idan zuciya ta raunana ba ta iya tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a ƙafafu da huhu, har mutum ya kasa barci sai a jingine. Saboda haka likitoci kan ƙayyade wa wanda ciwonsa ya tsananta lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, wato ruwan leda 3 zuwa 4. Ba kowane majinyaci ake yi wa haka ba, likita ne mai yankewa.

Kuskuren mutanenmu shi ne zaton tsabar ruwa kaɗai ake nufi. Alhali koko da fura da shayi da romo duk suna cikin lissafi, har kankana. Gishiri kuwa, da ɗanɗanon miya, suna riƙe ruwa a jiki kuma suna ƙara ƙishirwa.

A hau sikeli kowace safiya kafin karin kumallo. In nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, a garzaya asibiti. Mun ji wasu na barin ƙwayar sa fitsari don gudun yawan sake alwala. Wannan ganganci ne. A nemi likita ya daidaita lokacin shanta, a kuma shawarce shi kafin ɗaukar azumi, domin Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame.