Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Masu Sana'ar Talla a Ƙasar Damagaram



Ina gaishe ku, ku masu rubuta sanarwa a gidajen rediyon Zinder, da samari da 'yan matan da ke tallata wa 'yan kasuwa hajarsu a Facebook da TikTok. Daga Gaffati nake rubuto muku kan wata dabara da ta fara burge wasunku: a ƙaga labarin ƙarya da sunan wasa, gari ya ɗauka, daga baya a ce raha ce, sunan kanti kuwa ya riga ya shiga bakin kowa.

Dabarar tana da tarihi. Ranar 1 ga Afrilu 1996, wato ranar wasan ƙarya ta Turawa, kamfanin abinci na Taco Bell ya buga a manyan jaridun Amurka cewa ya saye ƙararrawar 'yancin ƙasar da ke Filadelfiya. Mutane suka harzuƙa, kafin yini ya ƙare kamfanin ya fito ya ce wasa ne. A 1998 Burger King ya sanar da cewa ya yi burodi da nama na musamman don bahagwai, har wasu suka je kanti suna nema. Wanda aka ruɗa ya yi wa kansa dariya, bai yi asarar komai ba.

Akwai kuma waɗanda wasan ya juye musu. A ƙarshen Maris 2021, tun ranar wasan ba ta zo ba, reshen kamfanin motoci na Volkswagen da ke Amurka ya tabbatar wa 'yan jarida cewa sunansa zai koma Voltswagen. Manyan kafofi suka buga, gaskiya ta fito, kamfanin ya koma ba da haƙuri. A Fabrairu 2024 aka sanar da mutuwar 'yar fim ɗin Indiya Poonam Pandey, washegari ta bayyana da ranta, wai wayar da kai take kan cutar dajin bakin mahaifa. Tir da Allah wadai ta samu.

Ba sai mun je Amurka koyon iyakar wasa ba. Muna da taubasantaka, wadda UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Babarbare ya tsokani Bafillace a tsakiyar kasuwa, a tuntsire da dariya, domin duka biyun sun san filin da suke ciki. A wasan kara, saurayi kan fito da shigar sarki ko gwamna, ba wanda ke kai masa ƙarar gaske. Yaran tashe ma da gemun audugarsu kowa ya gane su. Wasanninmu duk a fili suke, an san lokacinsu, an san wanda ya halatta a taɓa.

A nan ne gizo ke saƙar. Ranar 1 ga Afrilu al'adar 'yan boko ce. Tsohon da ke Gaffati bai san da ita ba. Saƙon murya kuma idan ya shiga WhatsApp, ba ya tafiya da kwanan wata. Ku ɗauka kun ce wani kanti a Kasuwar Dole zai sayar da buhun shinkafa rabin kuɗi. Magidanci ya ji a wayar maƙwabci, ya ranci jaka biyu, ya hau kabu-kabu, ya iso da gumi, yaron kanti ya ce masa, "Baba, ai wasa ne." Wannan mutumin ba zai sake taka kantin ba, kuma ran Lahadi a kasuwar Mirya zai ba kowa labari. Gyaran da kuka wallafa da yamma kuwa ba zai kai rabin inda ƙaryar ta kai ba.

Don haka ga shawarata. Kada wasanku ya taɓa mutuwa, ko cuta, ko tsaro, ko farashi, ko alkawarin kyauta da ɗaukar aiki. Ku sa abin ya zarce hankali yadda ko yaro zai gane: kilishin da ke kiran mai shi da suna, ko takalmin fata mai sanin hanyar gida. Dariyar ta faɗa kan kayanku, kada ta faɗa kan mai saye. Ku warware zancen a ranar, a kafar da kuka faɗe shi, da muryar da ta faɗe shi. Kada ku ruɗi ɗan jarida ya karanta shi cikin labarai, domin amanarsa ce jarinsa. Ku tuna kuma dokar laifukan intanet ta 2019 tana hukunta yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a, kuma a Yuni 2024 an maido da ɗauri a kanta. Malamanmu ma sun daɗe suna jan kunne kan ƙarya don a ba mutane dariya.

Kafin ku saki irin wannan talla, ku karanta wa mahaifiyarku. In ta yi dariya ta ce kun cika shaƙiyanci, ku saki. In ta tambaya a ina ake rabawa, ku yaga takardar.

Allah ya sa albarka a sana'a, ya kawo kasuwa.

Wassalam,
Ɗan'uwanku daga Gaffati.