Jita-jitar musanya da zaɓen 'yan wasan NBA: abin da ɗan Zariya ya gane

A ƙarshen watan Yuni na kowace shekara, daidai lokacin da damina ke kankama manoman Kadawa da Kura da Bunkure a Kano suka duƙufa kan shinkafa, ƙungiyoyi 30 na gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, sukan hallara a birnin New York domin rabon sababbin 'yan wasa, a wani tsari da ake kira diraf. Ma'anarsa ita ce matashin da ya cika shekara 19 a shekarar zaɓen, ya kuma shiga jerin masu neman gurbi, ba shi ke zaɓar ƙungiyar da zai yi wa wasa ba. Ƙungiyoyin ne ke ɗaukar matasan bi da bi, cikin zagaye biyu, har a kai kimanin mutum 60. Ana fara zaman ne da wajen ƙarfe ɗaya na dare agogon Nijeriya, amma duk da haka akwai samarin wannan yanki da ke biye da shi ta waya, kuma makonni kafin daren ya zo sun riga sun ƙoshi da labaran wane za a sayar, wane zai koma ina, wace ƙungiya ke neman hawa sama a jerin. Matsayin wannan shafi shi ne yawancin waɗannan labarai kayan ciniki ne da masu ruwa da tsaki ke saki da gangan, kuma ƙungiyar da ke cin riba ita ce wadda ta san yaron tun kafin a fara surutu a kansa.

Abin da ya sa ake ciniki tun farko shi ne gurbin zaɓe kadara ce da ake iya bayarwa a karɓi ɗan wasa, ko a karɓi wani gurbin na shekaru masu zuwa. An tsara jerin ne ta yadda ƙungiyoyin da suka fi shan kashi a kakar da ta wuce za su riga sauran zaɓa, domin kada masu ƙarfi su daɗa ƙarfi har gasar ta rasa armashi. Sai dai wannan adalci ya haifi wata cuta, wato ƙungiya ta riƙa faɗuwa da gangan don ta samu gurbi na farko, kuma zargin da aka yi wa Houston Rockets a 1984, shekarar da ta ɗauki Hakeem Olajuwon ɗan Legas a gurbi na ɗaya gaban Michael Jordan wanda ya zo na uku, shi ya sa aka shigo da ƙuri'a a 1985. A 2019 aka ƙara rage kwaɗayin, ta yadda ƙungiyoyi ukun da suka fi faɗuwa kowace ta koma tana da kashi 14 cikin ɗari kacal na damar samun gurbin farko. Bugu da ƙari, albashin sabon ɗan wasan zagayen farko a ƙayyade yake na tsawon shekara huɗu, alhali akwai iyakar abin da aka yarda ƙungiya ta kashe kan albashi gaba ɗaya, don haka yaron da ya yi fice da wuri tamkar gwani ne da aka samu a kan rabin kuɗi, kuma wannan ne ya sa gurbin ke ƙara tsada shekara bayan shekara.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan a tsakiyar rani ya san yadda magana ke motsa farashi kafin kaya su motsa. Dillali zai ce motocin Legas ba za su zo yau ba, domin manomin da kayansa ba sa jure kwana ya saki da araha. Manomi kuma zai ce wani mai saye ya riga ya taya, domin wanda ke gabansa ya ƙara. Haka abin yake a makonnin da ke gaban diraf. Wakilin ɗan wasa, wanda la'adarsa ke rataye da girman kwantiragin yaronsa, yana da dalilin raɗa wa ɗan jarida cewa ƙungiyoyi uku na rububin yaron. Shugaban ƙungiyar da ke riƙe da gurbi na biyar yana da dalilin nuna kamar yana son wani wanda ba shi yake so ba, domin mai gurbi na bakwai ya tsorata ya biya don su yi musanyar wuri. Ɗan jaridar kuma yana buƙatar ya riga kowa, ko da minti ɗaya ne. Ba lallai ne ɗayansu ya yi ƙarya tsagwaronta ba, domin kiran waya ɗaya tsakanin ofisoshi biyu ya isa a rubuta cewa ana tattaunawa, amma mai karatu a Bunkure da ya ɗauki wannan a matsayin an ƙulla ciniki ya zama ɗan aike ga wanda ya saki maganar.

Babbar hujja a nan ita ce cinikin da ya fi girgiza gasar a 'yan shekarun nan bai biyo bayan kowace jita-jita ba. A watan Fabrairun 2025 Dallas Mavericks ta miƙa Luka Doncic ga Los Angeles Lakers ta karɓi Anthony Davis, kuma da Shams Charania na tashar ESPN ya wallafa labarin cikin dare, mutane da yawa sun ɗauka an yi wa shafinsa kutse ne. Waɗanda suke son ciniki ya tabbata sun rufe bakinsu har aka gama. Bayan 'yan watanni Dallas ɗin ta ci ƙuri'ar gurbin farko da damar da ba ta kai kashi biyu cikin ɗari ba, ta ɗauki Cooper Flagg, abin da babu mai sharhin da zai ce ya hango.

Inda dabara ta gaskiya take shi ne a wajen auna yau da gobe, kuma a nan tarihin gasar ya cika da darasi. A 2013 Brooklyn Nets ta ƙagu da kofi, ta karɓi tsofaffin taurari Kevin Garnett da Paul Pierce daga Boston Celtics, ta bayar da gurabenta na zagayen farko na shekaru da dama. Taurarin suka tsufa a hannunta ba kofi, ita kuwa Boston ta hanyar waɗannan gurabe ta samu Jaylen Brown a 2016 da Jayson Tatum a 2017, su biyun kuma suka kai ta ga lashe gasar a 2024. A 2019 Oklahoma City Thunder ta ba Los Angeles Clippers Paul George, ta karɓi wani matashi mai suna Shai Gilgeous-Alexander da gurabe biyar na zagayen farko, ta haƙura da shekarun shan kashi da zagin magoya baya, sannan ta ɗauki kofi a 2025 da wannan matashin a matsayin jagora. Hukumar gasar ma ta san cewa mai gaggawa na iya cinye gobensa, shi ya sa take da doka mai ɗauke da sunan Ted Stepien, wanda ya mallaki Cleveland Cavaliers a farkon shekarun 1980 ya rabar da gurabenta ba lissafi, dokar da ta hana ƙungiya ta rabu da gurbinta na zagayen farko na shekara biyu a jere nan gaba.

Amma haƙuri kaɗai ba shi ne dukan labarin ba, kuma a nan ya kamata mai karatun Hausa ya tsaya kan Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila a 1970 ya tashi a Zariya, inda ya koyi wasan a hannun koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ya daɗe yana horar da matasa a garin. Ujiri bai taɓa buga wasa a NBA ba. Ya shiga harkar ne ta ƙofar farautar 'yan wasa, wato aikin yawo ƙasa-ƙasa ana kallon yara a ƙananan filaye ana rubuta rahoto, har ya zama babban manajan Denver Nuggets a 2010, aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyi a 2013, ya koma Toronto Raptors a shekarar. A 2016 Toronto ta ɗauki Pascal Siakam ɗan Kamaru a gurbi na 27, inda masu hasashe ba sa ko waiwaya, ta kuma ɗauki Fred VanVleet wanda babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a daren. A 2017 ta ɗauki OG Anunoby, ɗan asalin Nijeriya, a gurbi na 23 duk da raunin gwiwar da ya sa wasu suka ja baya. Da Ujiri ya ga tushe ya kafu, sai a watan Yulin 2018 ya yi abin da ya ɓata wa magoya baya rai matuƙa: ya miƙa DeMar DeRozan, wanda mutanen Toronto ke ƙauna, ga San Antonio Spurs ya karɓi Kawhi Leonard, mutumin da ya sha jinya kuma saura shekara ɗaya kwantiraginsa ya ƙare. Toronto ta lashe gasar a 2019, karo na farko a tarihinta, Leonard kuma ya tafi bayan shekara ɗayan. Akwai masu cewa sa'a ce, kuma lalle babu kofin da ake ɗauka ba tare da rabo ba, amma kasadar ta yiwu ne saboda yaran da aka tsinto a ƙasan jeri sun riga sun zama ginshiƙai a kan albashi kaɗan, kuma tsinto su aiki ne na ido da tafiya da rubutu, wanda ba ya fitowa a shafukan jita-jita.

Misalan irin wannan suna da yawa. Giannis Antetokounmpo, ɗan iyaye 'yan Nijeriya da aka haifa a Atina, yana wasa ne a ƙaramin rukuni na ƙasar Girka lokacin da Milwaukee Bucks ta ɗauke shi a gurbi na 15 a 2013, ya kai ta ga kofi a 2021, alhali Anthony Bennett da aka ɗauka na ɗaya a wannan shekarar bai daɗe a gasar ba. Shi ma tauraro Nikola Jokic a gurbi na 41 aka ɗauke shi a 2014.

Tambayar da ta shafi Kano kai tsaye ita ce me ya sa, duk da yawan sunayen Nijeriya a wannan jeri, kusan dukkansu sun bi ta makarantun Amurka ko ƙungiyoyin Turai. A diraf na 2020 an ɗauki Isaac Okoro da Onyeka Okongwu da Precious Achiuwa da Zeke Nnaji da Udoka Azubuike da wasu masu jinin Nijeriya, abin da aka yi ta murna da shi a gida, amma horon da ya kai su can a waje aka ba su. Cibiyar horarwa ta NBA a Afirka tana garin Saly na ƙasar Senegal, kuma daga can Ulrich Chomche ɗan Kamaru ya shiga diraf kai tsaye a 2024, ita ce kuma ta reni Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu wanda aka ɗauka na 10 a 2025. Gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL, wadda aka fara a Kigali a 2021, ta buɗe wata ƙofar. Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan wasa, domin ƙungiyar kwando ta Kano Pillars ta sha lashe gasar ƙasa, Zariya kuma ta daɗe tana fitar da 'yan wasa da masu horarwa. Abin da ya karya ƙafar gasar cikin gida shi ne rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa da ya ɓarke a 2017 tsakanin ɓangaren Tijjani Umar da na Musa Kida, wanda ya jefa gasar maza cikin shekarun tsaiko da shari'a. Mai farautar 'yan wasa ba ya zuwa inda babu jadawali tabbatacce, babu faifan wasa, babu takardar haihuwa da za a amince da ita, domin aikinsa gaba ɗaya kwatanta yaro ne da sa'o'insa cikin wasanni masu yawa. Nasarar 'yan matan D'Tigress, waɗanda suka lashe kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025 suka kuma kai zagayen 'yan takwas a gasar Olamfik ta Faris a 2024, abin alfahari ce ƙwarai, sai dai ita ma mafi yawanta a kan 'yan wasan da suka girma ko suke wasa a waje aka gina ta.

A yanki irin na Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ya sa ake noma rani da damina, matasa kuma suka fi samun ɗan kuɗi a hannu fiye da takwarorinsu na ƙauyukan da ke jiran ruwan sama, fara gyara wannan lamari ba ya buƙatar abin da ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Filin ƙwallon kwando tsawonsa mita 28 ne faɗinsa mita 15, daɓen siminti ne da ƙarafa biyu, kuma daɓen da aka yi da kyau kusa da makarantar sakandare zai iya zama wurin shanyar shinkafa da rana a lokacin girbi, ya koma filin wasa da yamma, abin da zai sa ƙungiyoyin manoma su ga dalilin sa hannu a gininsa da gyaransa. Abin da ya fi daɓen muhimmanci shi ne gasa tsakanin makarantun Kura da Bunkure da Garun Malam da za a riƙa yi kowace shekara a kan lokaci, da malamin wasanni ɗaya a kowace makaranta da zai rubuta sunan yaro da shekarunsa na gaskiya da tsayinsa da abin da ya yi a kowane wasa, da waya ɗaya da za ta ɗauki wasan ƙarshe. Gidauniyar Giants of Africa da Ujiri ya kafa a 2003 tana gina filaye tana shirya sansanonin horo a ƙasashen Afirka, kuma ƙaramar hukumar da ta je mata da fili a shirye, da gasar da ta yi shekara biyu tana gudana, da kundin sunayen yara, ta fi wadda ta je da takardar roƙo kawai damar a saurare ta.