Faɗin Katin Banki Tsakaninka da Mai Ɗori

A gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021 ne aka fara shigar da wasan siketbod, wato sulu a kan ɗan katako mai tayoyi huɗu. Masu wannan wasa suna ɓata lokaci sosai wajen zaɓen wata baƙar takarda mai kaushi irin na sanfefa, wadda ake mannawa a saman katakon. Mai kaushi sosai tana riƙe ƙafa gam, amma tana cin takalmi. Mai laushi tana barin takalmi ya daɗe, amma ƙafa na iya zamewa. Ita ce kusan mafi araha a kayan, kuma ita ce ke yanke hukunci tsakanin tsayuwa da faɗuwa.

Mu a Jega da Aliero da Maiyama, babur ne katakonmu, taya kuma ita ce takardarmu. Abin da ke taɓa kwalta daga kowace taya bai wuce faɗin katin banki ba. A kan wannan ɗan wuri ne nauyin ɗan kabu-kabu da fasinjansa da buhun albasar Aliero ke tsaye, a kansa ne birki ke kamawa, a kansa ake shan kwana. Duk da haka, za ka ga Boxer ya sha kwalliya, an yi wa kujera sabuwar riga, an liƙa hotuna, ga fitilu kala-kala, amma tayar gaba ta yi sanƙo, robar matakin ƙafa kuma ta zube saura ƙarfe zalla.

Zaɓin da ke gaban mai babur iri ɗaya ne da na ɗan wasan can. Roba mai taushi ta fi riƙe hanya amma tana saurin cinyewa. Mai tauri tana daɗewa amma tana santsi idan kwalta ta jiƙe. Taya mai manyan haƙora ta dace da yashi da laka na hanyoyin fadama, mai ƙananan zane kuma ta fi zama daidai a babban titin da ya ratsa Jega ya nufi Koko da Yawuri. Zanen nan aikinsa kore ruwa daga ƙarƙashin taya. Idan ya shafe, ruwan farkon damina da ya gauraya da ƙura da baƙin mai ya isa ya raba babur da ƙasa.

Akwai abu biyu da kowa zai iya dubawa a gaban mai faci. Na farko, yawancin tayoyi suna ɗauke da lambobi huɗu a gefe: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, don haka 1521 na nufin mako na 15 na 2021. Roba tana bushewa ta tsattsage ko da ba a hau ta ba, musamman a zafin ranarmu. Na biyu, a cikin ramin zanen akwai ƙananan tudu. Ranar da suka yi daidai da saman taya, ta gama aiki.

Za a ce talauci ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Tun cire tallafin fetur a 2023, wanda ke kai balas kullum ba shi da rarar sayen sabuwar taya, shi ya sa ta hannu ke da kasuwa. Amma lissafin bai cika ba sai an sa kuɗin jinya. Aliero ta yi suna wajen ɗorin karaya, har daga wasu jihohi ake kawo mutane. Makonnin da magidanci zai kwashe da karare a ƙafa, ba shiga sai fita, sun fi kuɗin taya nesa ba kusa ba.

Nauyin nan bai kamata ya tsaya kan direba kaɗai ba. Da yawa daga cikin baburan haya na ma'aikata ne da 'yan kasuwa, irin masu karanta wannan rubutu. Mai babur ya ware kuɗin taya daga balas kamar yadda yake ware na juyen mai. Ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu, da ke iya karɓar kuɗin tikiti kowace safiya, za su iya duban ƙafafun baburan da ke layi. Fasinja ma yana da ido: kafin ka tambayi nawa ne zuwa kasuwa, sunkuya ka dubi tayar gaba.