Yamai: kwalta ta mai mota, rairayi na mai ƙafa

Tun daga 1926 da aka ɗauko babban birnin ƙasar nan daga Damagaram aka kawo shi Yamai, gwamnatoci sun zo sun wuce, ta Turawa da ta farar hula da ta soja. Sun saɓa wa juna a kan kusan kome, amma akwai abu guda da bakinsu ya zo ɗaya a kansa: in za a yi hanya a birnin nan, mai mota ake yi wa ita. Mai tafiya a ƙasa da mai keke sai dai su laɓe a gefe, su ci albarkacin abin da ya rage, kamar agola a gidan gado. Alhali kuwa su ne mafi rinjaye, kuma da harajin da ake karɓa a bisa shinkafarsu da sabulunsu ake biyan bashin kwaltar da ake korar su daga kanta.

Mai karatu ya lissafa da kansa abin da aka gina a ƴan shekarun nan. Gada ta biyu a kan kogin Kwara, wadda Sinawa suka yi, a 2011. Gadar sama ta Mali Bero a 2013, sannan ta shataletalen Shahidai, sannan ta Diori Hamani a 2018. A 2019, saboda taron shugabannin Tarayyar Afirka, aka shimfiɗa babbar hanya daga filin jirgin sama zuwa tsakiyar gari domin kada baƙi su makara. A 2021 aka buɗe gada ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché. Ba mu ce waɗannan ayyuka ba su da amfani ba, kuma ba mu hana kowa alfahari da su ba. Tambayarmu ɗaya ce: a cikin waɗannan biliyoyin sefa, nawa aka ware da sunan mutumin da zai fito daga Talladje ko Bukoki da ƙafarsa, ya je kasuwar Katako ya dawo gida da ransa? Ina hanyar da aka keɓe wa keke, mai shinge, wadda uba zai saki ɗansa a kanta ya tafi lakwal hankalinsa kwance?

Ƙidayar 1988 ta samu mutanen Yamai ba su kai dubu 400 ba. Ta 2012 ta same su sun haura miliyan 1, kuma tun daga lokacin garin bai daina faɗaɗa ba. Unguwanni sun miƙe ta kowace kusurwa, daga Kwara Tegi zuwa Saga, daga Kirkisoy zuwa bayan filin jirgi. Mafi yawan mazauna waɗannan wurare ba su da mota, kuma ba su sa ran samunta bana ko baɗi. Saboda haka maganar da wasu masu ilimin boko ke yi, wai a wayar da kan jama'a su rungumi tafiyar ƙafa, abin dariya ce. Talakan Yamai ba ya bukatar a koya masa tafiya; tun asuba yake cikinta. Abin da yake bukata shi ne a daina azabtar da shi saboda yana yin ta.

Azabar kuwa a fili take. Inda kwalta ta ƙare, rairayi ne ke farawa, mai kama ƙafar keke kamar an ɗaure ta. Inda aka yi dakalin masu ƙafa, kafin shekara ta zagayo an ajiye motoci a kansa, ko an kafa teburin shayi, ko mai walda ya baje ƙarafunansa. Murafun kanibo sun karye ko an sace su, ramin ya buɗe baki yana jiran makaho da wanda dare ya yi wa. Da damina ruwa ya kwanta, sai kowa ya gangaro kan kwalta, tsohuwa da tallanta, ɗan garuwa da turarsa, ƴan makaranta da jakunkunansu, su yi ta gogayya da taksi mai jan kai da faba-faba da kabu-kabu. In aka buge mutum, sai a ce ajali. Ajali gaskiya ne, amma wanda ya zana hanyar ba tare da wurin tsallakawa ba shi ma yana da amsar da zai bayar.

Kada mu manta da ƙafa aka ƙwato ƴancin faɗin albarkacin baki a ƙasar nan. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka taso daga Harobanda a ƙasa, aka tare su a gadar Kennedy, uku suka rasa rayukansu. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka cika titunan Yamai, su ma a ƙasa, suna neman a ba su gurbi a shirin Babban Taron Ƙasa. Babu wanda ya zo waɗannan wurare cikin katkat mai baƙin gilashi. Waɗanda suka ci moriyar wannan tattaki daga baya su ne suka shige motocin gwamnati suka ɗaga gilashi, kuma tun ranar ba su sake sanin tsawon tazarar da ke tsakanin Babbar Kasuwa da Lazare ba.

Bari mu zo kan aljihu, tunda nan ne ma'aikaci da ɗan kasuwa suka fi saurin fahimta. Daga Janairun 2024 aka ɗaga albashi mafi ƙanƙanta zuwa jika 42 a wata. Mu ɗauka ana biyan sefa 250, wato dala 50, a kowace hawa ta taksi, kuma mutumin da ke nesa sai ya canja mota kafin ya isa wurin aiki. Hawa biyu zuwa, biyu dawowa, jika guda ke nan a yini, jika 22 a kwanakin aiki na wata. Fiye da rabin albashin ƙaramin ma'aikaci ya tafi a hanya, bai sayi tiyar hatsi ba, bai biya haya ba, bai ba yara kuɗin kalaci ba. Keke sau ɗaya ake sayensa. Abin da yake ci bai wuce faci da ɗan man sarƙa ba, kuma mai tuƙa shi ba gaggawa zai yi kilomita 5 cikin minti 25. Da yawa daga cikin masu zaman jiran taksi a bakin hanya, tafiyar tasu ba ta fi haka ba.

Waɗanda suka sha daɓaluwar Janairun 1994 sun san yadda farashin kayan gyaran mota ya tashi dare ɗaya. Mun ɗauka da buɗe matatar SORAZ ta Damagaram a 2011, mai tace ganga dubu 20 a yini, mun rabu da fargabar mai. Sai Najeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023, man da ake shigowa da shi ta bayan fage ya daina araha, kowa ya koma gidan mai, abin da matatar ke fitarwa ya kasa. A Maris na 2025 birnin ƙasar da ke haƙo mai ya wayi gari cikin layi, manyan mutane na kwana a tasha da jarkoki. A makonnin nan mutum ɗaya ne bai rasa zuwa aiki ba, bai kuma roƙi kowa lita guda ba, shi ne wanda aka saba yi wa dariya saboda kekensa.

Mun san amsar da za a ba mu, don mun sha jin ta: wai rana. Wa zai hau keke a watan Afrilu, zafi ya haura 40? To, a je Wagadugu a gani. Ranarsu ba ta fi tamu sanyi ba, ƙurar hunturunsu ba ta fi tamu sauƙi ba, amma a manyan titunansu an ware wa masu ƙafa biyu nasu layi, maza da mata na zuwa kasuwa da ofis a kan keke ba wanda ya juya ya dube su. Tun 1987 suke tseren keke na zagaya ƙasa, yara na tashi suna ganin mai keke gwarzo ne. Mu a nan in yarinya ta girma ta hau keke, sai unguwa ta ɗauka. Da ta yi tafiyar awa guda a rana zuwa makaranta, ko ta daina zuwa gaba ɗaya, wannan bai dami kowa ba.

Maganin rana kuma ai ba sabon ilimi ba ne, inuwa ce. Duk wanda ya bi tsofaffin titunan Filato, inda itatuwa suka haɗe kai, ya san bambancinsu da sababbin hanyoyin da aka share ƙal ba ko tsiro. Tun 1965 aka fara dasa dogon yaro kewaye da Yamai don ya zama garkuwa, amma masu yanka filaye sun yi ta gutsurarsa ana kallo. Kowace 3 ga Agusta manya kan fito da fararen riguna su dasa itace gaban kyamara, su wanke hannu su koma mota, akuya ta ƙarasa aikin. Da waɗannan itatuwan a bakin hanyoyin da talaka ke bi aka jera su, aka ɗora wa wani alhakin ba su ruwa har su kama, da yau an daina fakewa da rana.

Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce girman kai. A idon ma'aikacinmu, keke shaidar faɗuwa ce. Mushe da ya hau keke, ɗalibansa za su raina shi. Shugaban sashe da ya zo ofis a ƙasa, sai a fara raɗa cewa an kusa sauke shi. Don haka mutum zai ci bashin banki ya sayi tsohuwar motar da Turawa suka jefar, ya yi rabin wata yana zuba mata mai na dala 200, rabin wata kuma tana tsugune gaban gareji. Sannan likita ya auna shi ya ce hawan jini da ciwon sukari, ya umarce shi da tafiya, sai ya tuƙa motar zuwa filin wasa na Seyni Kountché ya yi ta zagaye da yamma. Thomas Sankara yana shugaban ƙasa ya sayar da manyan motocin gwamnati, ya sa ministoci cikin ƙaramar Renault 5, shi kansa yana hawan keke. Mark Rutte ya yi kusan shekara 14 yana firaministan Holand, sau da yawa a kan keke yake zuwa ofis. Ba mu ji an ce rawaninsu ya faɗi ba.

Hujja ɗaya ce muka yarda da ita, ita ce tsoro. Mai cewa ba zai sa ɗansa kan keke a titin Yamai ba, yana da gaskiya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu ƙafa ne da masu keke da babur, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mutuwa in aka gwada da yawan jama'arta. Sai dai wannan hujja a kan mahukunta take, ba a kan keke ba. Holand ɗin da ake misali da ita ba haka ta faɗo daga sama ba. A 1971 mota ta kashe musu mutum sama da 3.000, cikinsu yara fiye da 400. Iyaye suka fito zanga-zanga, tsadar mai ta 1973 ta zo ta ƙara matsa wa gwamnati, aka fara gina hanyoyin keke masu shinge. Nan kusa da mu, Kigali ta fara rufe wasu tituna ga motoci a wasu ranakun Lahadi tun 2016, kuma garin bai rushe ba.

Ƴan kasuwa, ku ma ba za mu tsallake ku ba. Ku ne ke fito da buhuna da katifu da firji har bakin kwalta, sannan ku yi kukan cinkoso ya hana ciniki. Ku dubi masu shigowa shagunanku, nawa ne suka sauko daga mota? Mai ƙafa shi ke tsayawa ya taya, ya ga abin da bai yi niyyar saye ba ya saya. Mai mota wucewa yake ya bar muku ƙura. Wurin da mota ɗaya ta tare a ƙofar kanti zai ɗauki keke kusan 10. Mun ga yadda aka rushe rumfuna a bakin titunan Yamai a 2016, aka jefa masu ƙaramin jari cikin hasara, amma fegin da aka share bai zama hanyar masu ƙafa ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Gara ƙungiyoyinku su zauna da ofishin magajin gari a ja layi, nan na kaya, nan na mutane, tun kafin wata katafila ta sake zuwa da asuba. Masu shigo da kaya daga Lome da Kano kuma su nemi a sassauta kuɗin duwan a kan keke da tayoyinsa da sarƙarsa, don akwai kasuwa a nan ga mai ido.

Maraɗi da Tawa da Damagaram su yi hattara, tunda su ba su kai Yamai faɗi ba, har yanzu ana iya ratsa su a kan keke. Bukukuwan 18 ga Disamba sun kawo musu sababbin tituna, Maraɗi a 2015, Tawa a 2017, Damagaram a 2018, kuma salon Yamai aka kwaikwaya, faɗin kwalta da fitilu. Abin da muke nema daga masu riƙe da biranen nan bai kai kuɗin ƙafa ɗaya ta gadar sama ba. Kada a sake sa hannu kan kwangilar titi sai da dakalin masu ƙafa a gefe biyu, da layin keke da aka raba da siminti, ba fenti ba, don direban Yamai ba ya ganin fenti. A rufe kanibo, a yi tudun rage gudu da wurin tsallakawa gaban kowace makaranta da asibiti da kasuwa, a shimfiɗa dutse a lungunan rairayi, aikin da zai ɗauki samarin unguwa da yawa. Kowace ma'aikata ta kafa rumfar ajiye keke da mai gadi. Kafin kuma injiniya ya miƙa taswirar wata sabuwar hanya, a sa shi da wanda zai sa mata hannu su taka ta da ƙafa daga farko har ƙarshe, da ƙarfe biyu na rana, a watan Afrilu.